Libarbar da Likita Ya Ba Ni Ajiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara zagina a daure a kai ƙarshen labarin, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina shi, yau shekara biyu ke nan.

Ni magidanci ne, mutumin Zariya, ina zaune a Greenbelt cikin jihar Maryland a Amurka, ina aikin kwamfuta a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington. Tambayata in ka ji ta sama-sama ba wata babba ba ce. Ina da libarba, ƙaramar bindigar nan ta hannu mai juya harsashi shida, kuma ina so in yi musayarta da wata ta wani kamfani daban. Doka ta ba ni dama, takardunta duk sunana ne a kai. Matsalar ita ce ba tawa ba ce.

Ta aminina ce, wanda zan kira Likita, don likitan ne. A Gaithersburg yake zaune da matarsa, Hajiya, da 'ya'yansu uku. Tun a gida muka san juna, kuma tun a gida shi ne mutumin kirki, ni ne abokin mutumin kirki. In an tashi gyaran masallaci shi ake nema, in ma'aurata sun saɓa shi ake kira, ni kuwa aikina in tuƙa shi. Ban taɓa jin haushin haka ba sai bayan ya mutu. Ita Hajiya 'yan fashi ne suka harbe wanta a hanyar Kaduna tana budurwa, a gabanta aka sauko da gawar daga mota. Saboda haka da suka zo ƙasar nan ta ga bindiga ana sayar da ita a kanti kamar tukunya, sai ta ɗauko Alƙur'ani ta sa mijinta ya dafa ya rantse cewa ba zai taɓa mallakar bindiga ba muddin suna tare. Ya rantse. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, yana dariya.

Laifina na farko shi ne ni na kai shi gidan gwajin harbi. Wani abokin aikina Bature ne ya koya mini, nakan je ranar Asabar da safe in yi hayar bindiga in harbi takarda, in dawo gida kaina ya yi sanyi. Wata rana na ce masa, "Likita, zo ka ga yadda ake sauke gajiyar mako." Ya ce, "Injiniya, ka san fa na yi rantsuwa." Na ce, "Rantsuwarka a kan mallaka ce, ba a kan haya ba." Kun ji irin fatawar da na ba shi, ni da ko Ahalari ban ƙare ba. Ya bi ni. Harbinsa na farko ya faɗa tsakiyar takarda, ya juyo ya dube ni fuskarsa kamar ta yaron da aka ba sabon keke, na san an gama. Wata huɗu bai cika ba ya sayi tasa, baƙa, mai mariƙin katako, ya ɓoye ta a akwati mai makulli a ɗakin ƙasa na gidansu. Ni da na kai shi ban taɓa sayen tawa ba, haya nake ta yi, don wadda nake so ta wancan kamfanin ce, farin ƙarfe, mai harsashi bakwai, mai mariƙin roba da ya cika babban hannu irin nawa, kuma kullum ina cewa sai baɗi. Shekaru muka yi muna gardamar kamfanonin nan biyu a mota. Shi ya ce kunamar tasa ta fi laushi, ni in ce tawa ta fi ƙarko. Sai ya ce, "Wace taka? Wadda ke cikin gilashin kanti?"

To me za a gaya wa Hajiya duk Asabar? Nan ne laifi na biyu, kuma shi ma ni na ƙirƙiro shi. Na ce ya ce mata muna zuwa wani gidan kula da tsofaffi, yana auna musu jini kyauta, ni ina taya shi. Don kada ta zama ƙarya tsagwaronta mun je sau biyu. Sau biyu a shekara shida! Hajiya ta riƙa soya mana ƙosai tana zubawa a kula, tana cewa, "Injiniya, Allah ya ba ku lada, ku gaida mini tsofaffin." A filin ajiye motoci na gidan harbi muke cinye ƙosan, hannunmu yana warin albarushi.

Wata shekara suka tashi gyaran ɗakin ƙasa, Hajiya ta fara fitar da kaya, saura kaɗan ta kai ga akwatin. Ya kira ni ya ce, "Injiniya, ka riƙe mini ita. Ajiya ce, in ƙura ta lafa zan karɓa." A jihar nan ba a miƙa wa mutum ƙaramar bindiga haka kawai, sai an cika takardu an jira mako guda, saboda haka muka je aka mayar da ita sunana. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Takarda ta ce taka ce, amma ni da kai da Allah mun san tawa ce." Na ce, "Shaidun naka sun yi ƙarfi." Muka yi dariya. Matata kuwa na ce mata saya na yi, ta yi mitarta ta kwana biyu ta haƙura.

Bai karɓa ba. Wata Talata da rana ya faɗi a wurin aiki, zuciya, kafin la'asar an kira ni. Ni na shiga wankansa, ni na kama makara, ni na sauka cikin kabari.

Bayan Hajiya ta fita takaba aka zauna rabon gado a falonsu. Malamin da ya zo daga masallacinmu mutum ne mai tsanani, har agogo da takalma sai da ya sa aka rubuta, ya ce hakkin marayu ba a raina ƙanƙantarsa. Aka ce ana son shaidu biyu, aka ce wa ya fi ni cancanta? Da aka gama lissafa kaya malam ya ɗago ya ce, "Akwai wanda ya san wani abu na mamaci da ba a ambata ba, ko wanda ya ba shi ajiya?" Wallahi na buɗe baki. Sai Hajiya ta riga ni, ta ce, "Malam, babu. Shekara ashirin da uku muna tare, bawan Allahn nan bai taɓa ɓoye mini ko allura ba." Ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Injiniya?" Na ce, "Haka ne, Hajiya." Aka miƙo mini biro na sa hannu. Yaya zan yi? In ce mata a gaban malam da 'ya'yanta mijinta ya dafa Alƙur'ani ya karya, kuma ƙosanta na shekara shida a bakin gidan harbi ya ƙare? Abin da na gaya wa kaina ke nan, wai rufin asirin mamaci nake yi. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka: nawa asirin ma ina rufewa, don in an tona za a tambayi wanda ya kai shi.

Tun daga ranar ban ƙara harba ta ba. Nakan buɗe akwatin in goge ta da mai in mayar. Kuma ina jin haushinsa, Allah ya gafarta mini, ina jin haushin mamaci. Ya tafi da sunansa fes, duk taron da aka yi sai an ce a yi koyi da Likita, har tsofaffin Turawa yake yi wa hidima ranar hutunsa. Ni kuma a dube ni a ce, "Ga shaida nan." In gyaɗa kai. Shi ya rantse, shi ya saya, shi ya ɓoye, amma ni aka bar wa kayan, kuma ni zan tsaya gobe kiyama a tambaye ni dukiyar marayu. Wannan wace irin abota ce? Sai kuma in tuna wanda ya ce masa rantsuwar ba ta hau kan haya ba.

Makon jiya na ɗauke ta na kai wani kantin bindigogi, na ce ina son musaya da waccan farar da na daɗe ina kallo. Na gaya wa kaina don in daina ganinta ne. Mai kantin, wani dattijon Bature, ya jujjuya ta, ya buɗe, ya leƙa cikin bakin, ya gwada kunamar, ya ce tsohuwar ƙira ce da ake nema yanzu, zai ba ni waccan kai da kai ba ciko. Ya ɗauko ta ya sa mini a hannu. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ta zauna a hannuna daram, zuciyata ta yi fari, a lokacin ko tuna Likita ban yi ba. Sai dattijon ya shafa mariƙin katakon ya ce, "Wanda ya riƙe wannan ya so ta ƙwarai. Kuma bahago ne, dubi gefen da katakon ya suɗe." Likita bahago ne. Ni ko cokali ban iya riƙewa da hagu ba. Na ce masa zan yi shawara, ya ce zai ajiye mini farar zuwa Asabar ɗin wannan makon, bayan nan akwai mai so.

Na san abin da musayar take nufi. In na bayar da ita, abu ɗaya tak da ya rage a duniya da zai nuna Likita ya karya rantsuwa ya tafi, Hajiya za ta mutu da mijinta yadda ta san shi. Amma ni kuma na ci amana na ci gadon marayu, na kuma mayar da shi abin da raina yake so tun da daɗewa. Na yi tunanin in kimanta ta in kai musu kuɗin a matsayin kyauta, to ajiya ake mayarwa da sunan kyauta, a yi maka godiya a kai? In kuma na faɗa, wataƙila a yi masa kaffarar rantsuwar, wataƙila shirun nan nawa yana cutar da shi a inda yake, ni ban sani ba, kuma malamin da zan tambaya shi ne wanda na sa hannu a gabansa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne babbar 'yarsa. Ta shiga karatun likita, kuma shekaranjiya ta kira ni da rana ina ofis. Da Turanci take magana kamar sauran yaran nan, amma gaisuwa da Hausa ta yi ta. Ta ce, "Baffa, ina wuni? Mama ta ce kai ka san gidan tsofaffin da Baba yake zuwa. Ina so in ci gaba daga inda ya tsaya, ladan ya riƙa kai masa. Za ka kai ni ranar Asabar? Ko da mutum ɗaya ne da ya tuna shi, ina so in ji yadda yake a wurin." Na ce, "Allah ya kai mu." Jiya kuma Hajiya ta aiko saƙo ta ce in biyo ta gida da wuri, za ta soya mana ƙosai kamar da.

Asabar jibi ce. Kanti yana buɗewa ƙarfe goma, yarinyar tana jirana ƙarfe tara, akwatin yana cikin but ɗin motata tun makon jiya na kasa shigar da shi gida. Wurin da ubanta yake zuwa duk Asabar na san shi, kuma akwai waɗanda suke tuna shi a can, har yau suna tambayata ina likitan nan bahago da ba ya kuskure. Don girman Allah ku ba ni shawara: in karɓi farar in rufe bakina har kabari, ko in ajiye akwatin nan a gaban Hajiya kusa da kular ƙosanta in buɗe? Me zan yi?