Ƙasar Kabarin Kaka

Zuwa ga Yayana Bahrom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Feruza da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan sanyin Mosko. Mu nan lafiya lau, tuffa ta nuna, sai dai jikin Baba. Gurasa ma sai an jiƙa masa a shayi yake iya haɗiyewa.

Yaya, maganar ƙasar nan ta ishe ni, kuma har da kai nake jin haushi. Ka san abin da Baba ya roƙa bai taka kara ya karya ba: dunƙulen ƙasa daga kabarin mahaifiyarsa, a zuba a nasa idan lokaci ya yi. Ya ce an binne ta a gabas da tsohuwar ganuwar hakimi, a bakin ramin ruwan da ya kewaye ta. To ina ganuwar? Tun Baba yana yaro motocin gwamnati suka rushe ta, suka cike ramin da ƙasarta, aka shuka auduga a kai. Yau idan ka tsaya, auduga ce iya ganinka.

Na tara dattawa uku, na dafa musu shinkafa da naman rago. Tsoho Tursun ya rantse ganuwar tana bayan injin ban ruwa. Tsoho Ergash ya ce Tursun ko ƙofar gidansa sai jikoki sun nuna masa, ganuwa tana wajen bishiyoyin hanya. Na ukun kuwa sai da ya sauke kwano, sannan ya ce shi a birni ya girma. Suka cinye, suka yi addu'a, suka bar ni da wanke-wanke.

Sai na bi shawararka ta waya, cewa in ɗebo ko ta ina, ai ƙasa ƙasa ce. Baba ya murza ta a tafinsa, ya ce ta bakin ramin baƙa ce, cike da ɓawon dodon koɗi, wannan kuwa ta gefen titi ce. Bai yi faɗa ba, ya ma gode mini, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Mai gonar audugar ya ce zai bari a tona a nemo baƙar ƙasar, amma sai an gama tsinkar auduga. Likita ta ja ni gefe ta ce kada mu sa rai Baba zai kai ƙarshen tsinkar.

Jiya Baba ya ce in daina wahalar da kaina. Ya ce ya ji ka yi alkawarin turo kuɗin dutse mai kyau da za a kafa a kabarinsa. Ya ce in gaya maka ganuwar da keken doki ke bi ta kanta ma ta ɓata, balle dutse. Ka bar kuɗin, ka sayi tikiti ka zo tun ana sanin inda shi Baban yake.

Gwaggo Mastura da Kawu Olim suna gaishe ka. Ka gaishe da Anti Feruza, da Sardor da Laylo.

Ƙanwarka da ke jiran ka,
Mohira