Numfashin Hajara

Daren Talata, cikin azumin shekarar korona.

Barci ya ƙi zuwa. Hajara na kwance a ɗaki, daga tsakar gida ina jin yadda take jan numfashi da ƙyar.

Da hantsi na ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Malamin asibitin ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗaure hanci da hankici, don ko takunkumi ba a kawo masu ba. Ya ce, "Malam Sani, wallahi ba mu da komai nan. Kai ta asibitin Mafara a sa mata iskar oksijin."

Kafin mu shiga gari muka tarar da shinge, an hana shige da fice. Na ce matata ce ba lafiya. Ɗaya daga cikin masu tsaron shingen ya ce, "Ina takardar likita?" Wane likita? Muna tsaye cikin rana wata mota ta zo, aka sauke gilashi. "Ranka shi daɗe, ya jikin Hajiya?" Nan take aka buɗe masu hanya. Ba na yi wa Hajiyar baƙin ciki, Allah ya ba ta lafiya. Amma Hajara ta ga komai. A hankali ta ce, "Malam, mu koma gida, na gaji."

Maganar nan ce ke cina.

Ta sha kunu kaɗan bayan magariba, alhamdu lillahi. Na zuba mai a babur. Da asuba za mu ratsa ta gonakin shinkafar Bakolori, can babu shinge. Allah ya sa ta iya riƙe ni har mu isa.