Ruwan Marigayi Ya Yi Kore, Makullin Yana Hannun Yayarsa

Maame Dufie, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa damuwata bai yi mini kallon mahaukaciya ba. Shekaruna hamsin da takwas, a Kumasi nake, yau kwana ashirin da uku da rasuwar mijina, Agyei. Masu zuwa gaisuwa suna ganina cikin baƙin zane na zuba wa tsakar gida ido, sai su ce tunaninsa nake yi. Gaskiya ne, amma rabin tunanin nan na ruwa ne.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ya sayar da motocinsa na ɗaukar katako ya zauna gida, sai ya haƙa wurin ninkaya a tsakar gidanmu. Na yi faɗa har na gaji, na raɗa wa wurin suna kwatamin Agyei. Kullum da sassafe yana bakinsa da dogon burushi, ya goge bango, ya kwashe ganyen mangwaro, ya ɗebo ruwan a 'yar kwalba ya ɗiga wani magani ya ɗaga yana kallon launi kamar likita. Ruwan nan ko allura ka jefa za ka hango ta a ƙasa. Duk Lahadi in mun dawo daga coci sai ya ce, "Ke dai sa ƙafa ɗaya, ba zai cinye ki ba." Ni kuwa in ce, "Kifi ka aura? Fito, fufunka na hucewa." Ban taɓa sa ko ɗan yatsa ba.

Kwana biyu kafin ya cika, a gadon asibiti, ya ce mini, "Kada ki bari ruwana ya mutu." Na ce, "Tashi ka je ka yi abinka, ni ba 'yar aikin kwataminka ba ce." Ya yi dariya har da tari. Doguwar maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ita ke hana ni sakewa.

Kin san yadda muke yi, dangin uwar mamaci su ke kulle kayansa, ba mai taɓawa sai ranar arba'in in an taru an naɗa magaji. Yayarsa, Maame Konadu, ta taho daga ƙauye da kwaɗo uku a jaka. Ta sa ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a akwatinsa, na ukun kuma a ɗan ɗakin da ke gefen ruwan, don ta leƙa ta ga silifas ɗinsa da tawul da rediyonsa a ciki. Kafin ta rufe ta kashe duk abin da ke ƙara, wai kada injin mamaci ya yi ta kuka. Ashe injin da ke juya ruwan yana tace shi ne ta kashe. Ni a ranar ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani, ina zan kula da inji.

Mako guda ruwan ya yi dishi-dishi. Ga damina, ga ganye na zuba, kafin in ankara ya koma kamar miyar ganyen gwaza, gansakuka ta kama bango tana santsi, sauro ya samu gidan haya. Na aika aka sayo mini garin kulorin, maganin tsabtace ruwa, da tsakar rana in baƙi sun ragu sai in je in watsa daga cikin roba. Washegari ya ɗan yi fari-fari, kwana biyu ya koma gidan jiya. Sau uku ina yi, har ruwan wankin farin kaya na juye a ciki. Abin da na samu kawai shi ne matakalar ta yi dabbare-dabbare inda garin ya kwanta, aikin baban giwa.

Da na gaji na je na ce wa Maame Konadu, "Yaya, ki ara mini makullin ɗan ɗakin nan in kunna inji." Ta dube ni sama da ƙasa a gaban mata ta ce, "Ko arba'in bai yi ba, ke ta wanka kike yi?" Na ce shi ne ya bar mini amana. Ta ce, "Ni na koya masa iyo a kogin Ofin tun yana yawo tsirara, ba sai kin gaya mini yana son ruwa ba." Ta ƙara ɗaure makullin a bakin zanenta. Na ji zafin maganar nan har ƙashina, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi mata mugun fata a zuciya.

'Yata Afrakoma da ke aure a Tema ta ce a waya, "Mama, guduma ɗaya ce, ki fasa kawai." Ita yarinya ce, ba ta san cewa matar da ta fasa kwaɗon kayan miji kafin arba'in, har ta mutu ana cewa wani abu ta ɓoye ba. Ga shi a tsakar gidan nan za a kafa rumfa ranar taro, dangi kaf za su ga abin da na mai da ruwansa, kuma Afrakoma za ta zo da 'yarta mai shekara uku da ba ta zama wuri ɗaya. Wani lokaci in ce a kawo inji a zuƙe ruwan duka kowa ya huta, sai in tuna abin da ya roƙe ni. Gaba kura baya sayaki. In fasa ne, in zuƙe, ko in zuba ido amanarsa ta ruɓe a gabana?

Mai Baƙin Zane, Kumasi

*

'Yar'uwata Mai Baƙin Zane, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba, domin saura kwana goma sha bakwai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Nawa maigidan ma yana da irin wannan hauka, shekara tara ke nan burushin yana hannuna tun da gwiwarsa ta ƙi, don haka ba ji na yi ba.

Kada ki fasa kwaɗon. Kin fi 'yarki gaskiya a nan, ruwa yana gyaruwa cikin mako, sunan da ya ɓaci a dangin miji kuwa ba shi da magani a kanti. Kada kuma ki zuƙe, ƙasa ta sha ruwan damina, ramin da ba kowa a cikinsa yana iya tsagewa.

Ita ma Maame Konadu ki sassauta mata. Maganarta ta yi kaushi, ba na wanke ta, amma kin rubuta mini maganin matsalarki da hannunki ba ki lura ba. Matar da ta koya masa iyo ba ta ƙi ruwansa ba, abin da ta ji shi ne kina neman makulli, a gaban jama'a. Ki same ta ita kaɗai da safe, ki ce ba kya son makullin, ita kike so ta buɗe da hannunta, ta tsaya a bakin ƙofa ki kunna inji ta mayar ta kulle, gobe ma haka. Ki kuma gaya mata gaskiyar da ba ta sani ba: irin ɗakin nan ba a rasa robobin kulorin a ciki, mai yiwuwa har da jarkar ruwan asid, kuma tururinsu a rufaffen ɗaki mai zafi yana cin ƙarfe yana cin tufa. Kayan ƙanenta da take tsarewa su ne ke lalacewa a bayan kwaɗon. In ta nemi a sanar da babban dangi, a sanar da shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kafin a buɗe, ki daina watsa gari da tsakar rana, rana ce ke shanye shi kafin ya yi aiki, wanda ya nutse kuma ya ƙone miki matakala. Ki kwashe ganyen da ke ciki tukuna, ki goge bango da ƙasa da ƙarfi, don gansakuka in ba a ɓalle ta ba magani ba ya ratsa ta. Da yamma lis ki cika bokiti da ruwa, sannan ki zuba garin a kan ruwan, ba ruwan a kan garin ba, ki dama ki zagaya kina tsiyayawa. Kada ki taɓa gauraya shi da wani magani, ko da wani irin kulorin ne.

Ranar da inji ya tashi, ki ɗauko 'yar kwalbar nan tasa ki auna tsamin ruwan, in launin bai faɗa tsakiyar katin launukan da ke tare da kwalbar ba ki fara gyara wannan, in ba haka ba kulorin ɗinki barci zai yi. Sai ki zuba kulorin mai yawa sau ɗaya gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar don koren ruwa, ki bar injin yana yi dare da rana, kina wanke matatar injin kullum. Ruwan zai yi toka-toka, kada ki tsorata, gansakukar ce ta mutu. In ta kwanta ki zuƙe ta waje da tiyo. Ba mai shiga sai kin hango ƙasa sarai, awon kulorin kuma ya sauko tsakanin ɗaya da uku a katin. Jikarki kuwa, kore ne ko garau, ki sa a kange wurin, babba ɗaya ya zama aikinsa ke nan ranar taro.

Saura abin da ba ki tambaye ni ba. Ba ki ci amanarsa ba. Mutumin da ya yi dariya har da tari ya san matarsa, ya san "ni ba 'yar aikin kwataminka ba ce" a bakinki "to" ne. In kin fita takaba ruwan ya yi haske, ki zaɓi wata Lahadi bayan coci, ki kira Maame Konadu, ku zauna a matakalar farko. Ƙafa ɗaya ya roƙa, shekara goma sha biyu, ki ba shi. Allah ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Maame Dufie