Ƙwaryar Gwaggo Hajo

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ƴarki Rabi ce daga Maraɗi.

Inna, a tsorace nake. Bayan rasuwarki ƙodar Baba ta daina aiki, yanzu inji ke wanke masa jini a asibiti. Lokotoro ya ce tunda fitsari ba ya fita, duk ruwan da ya sha a jikinsa yake zama. Ɗan kaɗan aka yarje masa a yini.

To, kin san mijinki, bai iya mayar da hannun kyauta baya ba. Mutanen garin Tsibiri suka zo dubiya da kunu, wani alhaji ya kawo zamzam, kowa kuma sai ya ga an sha a gabansa. Ke ce mai cewa, "Kunyar Malam ce za ta kai shi ƙasa," mu yi ta dariya.

Ranar wankin jini ya je da ƙafafu kamar turmi, numfashi da ƙyar. Ana cikin jan ruwan, jininsa ya faɗi, jijiyoyi suka ɗaure, idanu suka juye. Inji ya yi ta ƙara. Na kira shi, bai amsa ba. Ma'aikata suka ɗaga ƙafafunsa sama, suka fitar da ni. Har yau ko ɗan kabu-kabu ya danna odar babur, sai gabana ya faɗi.

Ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Yana takawa masallacin ƙofar gida, yana tsotsar ƙanƙara in ƙishi ya dame shi, har ya samu bakin mitar miya ba gishiri.

Jiya yayarsa, Gwaggo Hajo, ta zo daga Jiratawa da ƙwarya cike da rubutu. Na faɗa mata gargaɗin lokotoro, ta ce sunan Allah ba ya cutar da kowa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki. Na fizge, na shafa masa kaɗan a fuska, na shanye sauran a tsaye.

Gwaggo ta tashi ba sallama. A bakin ƙofa ta ce ba ki ba ni tarbiyya ba.

Ki yafe mini, Innata, na jawo an taɓa sunanki kina kabari. Amma ran Juma'a mutanen Tsibiri za su dawo da kununsu, kuma zan sake fizgewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya bar mana shi.

Taki har kullum,
Rabi