Baituka Huɗu da Malam Alkasum Ya Daina Rerawa

Daga biro, wato ofishin Kumandan babba na Damagaram, zuwa ga Kellu 'yar Bukar, matar Malam Alkasum mai ƙarau, da ke zaune gidan iyayenta a Dakusa.

Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan kina lafiya, da tsohon, da mutanen gida duka. Yaya damina? Mun ji gero ya yi kyau wajenku, Allah ya kai mu kaka.

Bayan haka, ƙara ta iso gabanmu. Kin san an ba mijinki aikin ƙarau na matan da za su yi rawa ranar 'yancin kai, cikin launin sabuwar tuta. Kore ya samu a kwalaben Nasara, fari a kwalaben magani. Launin ruwan lemo ne ya gagara, har ya ɗauki tsakiyar marigayiya innarki, duwatsun adonta masu wannan launi, ya narka ba tare da ya tambaye ki ba. Mun bincika, mun ga laifinsa ne. Shi ma bai musa ba.

To, ga abin da ba ki sani ba. Mutumin nan ba ya da agogo, waƙarsa ce agogonsa. In ya naɗe ƙarau a tsinken ƙarfe, yakan yi ta juya shi a bakin wuta yana rera baiti goma sha biyu, kafin ya binne shi a toka mai ɗumi. In ya rage, ƙarau ya huce da gaggawa ya tsage. Baiti takwas na fari yabon Ubangiji ne da na wuta da na malaminsa na Bida. Huɗun ƙarshe kin san na wace ce, tunda kan su kika yarda da shi.

Tun ranar da kika yi yaji kika hau kamiyo, babbar motar nan, bai sake rera huɗun nan ba. Yana kai takwas sai ya tura cikin toka. Da safe a tone, rabi sun dare. Ya ce itace ne ɗanye, aka sake itace. Ya ce kwalaben bana ba su da kirki. Wani ƙaninsa mai hankali da kyan gani ya ce bari ya rera masa sauran, ya bi shi da takalmi har bakin zaure. An ce wa mijinki ya tsara waɗansu baituka su cike gurbin. Ya kwana biyu da alƙalami, ya fito da yabon zuga-zugi, shi kansa ya ji kunya ya yage.

Saura kwana tara. Ruwan lemon da ya rage bai fi cikin tafi ba, kuma babu inda za a samo wani. In ya ƙare a tsagewa, aiki ya tafi, tsakiyar innarki ma ta tafi a banza.

Don haka muna umurtarki ki hau kamiyon ranar Alhamis, in ba haka ba mu aiko gardi biyu, dogaran Kumandan, su taho da ke.

Malamin da ke karanta miki ya riga ya gane, don haka bari in faɗa kafin ya tona ni. Kumandan bai san da ke ba, kuma ba ya rubutun ajami. Ni ne Dodo, ƙanin mijinki, mai cinye miki ƙanzo. Gardi ba ni da ko ɗaya. Yaya bai san na rubuto ba, in ya ji, wannan karon ba takalmi ba ne.

Ban ce ki yafe ba, wannan tsakaninku ne. Amma jiya ina zaure na ji ya wuce takwas, ya ja numfashi ya ce, “Kel...” sai ya tsaya, yana ta juya ƙarfen babu murya. Ki zo ki zauna a bakin ƙofa ko da fushinki, ya ƙarasa sunan.

A gaishe da tsohon. Wassalam.

Naki,
Dodo