Ƙarnin Kifi a Ɗakin Sanyi

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hadiza? Mu nan Yelwa lafiya lau.

Na daɗe ina jin cewa ƙarnin kifi ba ya barin bangon ɗakin sanyi, ban yarda ba. Da muka tashi sayar da na marigayi mahaifinka, don gyara wa Innarka rufi kafin damina, kwana uku muna wanke shi da sabulu da lemun tsami.

Wani mai yogot ya zo daga Kontagora. Ko injin bai duba ba, ya shiga ya ja ƙofa. Da ya fito ya ce, "Baba, sanyi kam akwai, amma yogot ɗina zai koma miyar kifi."

Na ce, "Hancinka ne, malam."

Ya ce, "Hancin masu saye dai."

Ƙarshe wani dillalin kifi na Wara ya ɗauka a rabin abin da muka sa rai. Ɗaki ɗaya za a yi wa rufi a gidan Innarka, sauran sai baɗi.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a, har da mahaifinka. Shi ne na ƙarshe da ya faɗa mini maganar ƙarnin nan, na yi masa dariya.

Baffanka,
Umaru