Ba Za a Ɗaure Shamal Ba

At-Bashi, 4 ga Mayu

Maigidana Esenbek,

Gaisuwa mai yawa daga ni da yara. Yaya jikinka, yaya aikin ginin can Bishkek? Ina fata gwiwar nan ta daina damunka. Mu lafiya lau.

Sai dai karyarmu ta farauta ta mutu. Ka san tun ranar da mahaifinka, Ata, ya ɗaure mata ƙafafu ya aske ta tare da tumaki, ba ta ƙara yarda hannun mutum ya taɓa ta ba. Gashin kunnenta ya cure, miki ya ci a ƙarƙashi har da tsutsa. Ga magani a hannuna, amma da na matso sai ta yage haƙora. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ta bar kwikwiyo ɗaya, Shamal. Satinsa takwas, kuma na riga na fara sabar masa da hannu. Kullum da hantsi nakan ɗora shi a cinya, in taɓa kunnensa, in buɗe 'yan yatsunsa, in bari ya shinshina matajin da muke taje awaki. Sau uku kawai nake ja a bayansa, in ba shi ɗan cuku, in sake shi tun bai gaji ba.

Ata ya same ni a haka, ya ce, "Iko sai Allah! Surukata ta sake haihuwa. Gobe sai ki sa masa kwalli!" Ya ce ranar askin tumaki igiya ce za ta koya masa hankali. Na sunkuyar da kai kamar kullum.

Ka kula da kanka.

Matarka,
Burul

At-Bashi, 16 ga Yuni

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, na karanta wurin da ka ce in ba Ata haƙuri. To, ji nawa ɓangaren.

Ranar askin, an gama da tumaki, sai Ata ya ɗauko igiya ya ce a kawo karen, don ƙarangiya ta cure masa gindin kunne. Shekara tara ina gidanku, ban taɓa kiran mahaifinka da sunansa ba, sai dai Ata, wato Baba, ban taɓa mayar masa da magana ba. Ran nan na sha gabansa, a idon maƙwabta, na ce, "Ata, wannan kam ba za a ɗaure shi ba."

Na zauna a ƙasa, na karɓi almakashin. Shamal ya zo da kansa ya kwanta. Na yanke curin tas, ko motsi bai yi ba, hamma ma ya yi. Maƙwabcinmu Toktosun ya kwashe da dariya, ya ce, "Dattijo, ai sai ka mayar da igiyarka!" Dariyar nan ce ta fi yi wa Ata ciwo, na sani, ni ma ban so ta ba.

Yau kwana goma ke nan bai karɓi shayi daga hannuna ba. Abin yana cina, don ina ƙaunar tsohon nan. Zan ci gaba da zubawa ina miƙa masa da hannu biyu, safe da yamma, har ranar da zai karɓa. Amma haƙurin nan, Esenbek, ba zan bayar ba, kai ma kada ka bayar a madadina.

Yara na gaishe ka.

Taka,
Burul